Salkar da Aka Ce Ta Tsage

An yi wani mutum a nan Madarunfa, shekarar babban fari. Ba zan faɗi sunansa ba, danginsa suna raye. Shi da amininsa Ɗan Azumi suka ɗaura sukari da ganyen shayi a kan kekuna, suka yi arewa, can bayan Dakoro, za su sayar wa Buzaye.

A wata rijiya, wani tsohon makiyayi ya ce musu, "'Ya'yana, ban tabbata rijiyar gaba tana da ruwa ba. Kowa ya cika salka biyu, ko ku koma gida."

Ɗan Azumi ya rage kayansa, ya cika biyu, ya yi gaba. Mutumin nan ya ga in ya ɗauki ruwa sai ya bar rabin hajarsa. Ya cika ɗaya, ya naɗe ɗayar ya cusa ƙarƙashin buhun sukari. Da ya cim ma abokinsa ya ce, "Wallahi ɗayar ta tsage, na yar."

Ya 'yan uwa, da sunan Allah fa ya rantse!

Suka shiga rairayi, keke ya ƙi tafiya, sai turawa. Suka iske rijiyar ta ƙafe. Ruwan mutumin nan ya ƙare, Ɗan Azumi ya riƙa raba nasa biyu, yana cewa, "Sha, aboki, ba laifinka ba ne." Ya karɓa ya sha.

Masu raƙuma suka tsince su a gindin wata aduwa. Shi da sauran numfashi, Ɗan Azumi ya cika. Da suka maido su gida, suka kwance kayansa a gaban 'yan uwan mamacin, sai ga salka a naɗe, lafiya lau, ko ɗigon huda babu.

Indo, uwar Ɗan Azumi, ba ta zage shi ba. Cewa ta yi, "Ɗan nan, ka jiƙa masa baki kafin ya cika?"

Ya sunkuyar da kai. Tun ranar bai ƙara haɗa ido da kowa ba, har ya bar garin.

Me sukari ya tsinana masa? Kwaɗayi ya sa shi ƙarya, ƙarya ta ci ran amininsa. Wanda duk kuka ɗauki hanya tare, ransa amana ne a wuyanka, kuma za a tambaye ka.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.