Littafin da Kamfani Ya Kwashe Daga Kasuwa

Akwai wani malamin sakandare a Kontagora, ana kiransa Malam Irmiya. A shekarar 1994 ya rubuta ɗan littafi a kan Injiniya Khalilu Jumare, ɗan garin da ya zama shugaban wani kamfanin kwamfuta a Kaduna. Bai nemi izini ba. Shi dai so yake ɗalibansa su ga na gida ma yana zama wani abu.

Sai dai kamfanin ya daɗe yana tallar cewa a Turai maigidansu ya koyi komai. Littafin kuwa ya ce shekara shida Khalilu ya yi a rumfar gyaran rediyo ta Baba Andarawus a cikin kasuwa.

Ba a yi wata ba lauyan kamfani ya iso. Aka kwashe littafin daga shaguna. Aka ɗauke kwamfutoci biyun da kamfanin ya ba makarantar kyauta. Shugaban makaranta ya tsorata, ya dakatar da Malam Irmiya.

Ya koma gona da iyalinsa. Abokai suka matsa masa ya janye littafin a wuce wurin. Ya ce, "Da ƙarya na yi, da tuni na janye."

Ashe kwafi ɗaya ya kai hannun Hajiya Iyatu, mahaifiyar Khalilu. Ta sa aka karanta mata, sannan ta aika a kira ɗanta.

Bayan ya gaishe ta, ta miƙa masa littafin. "Nuna mini inda ya yi maka ƙarya."

"Inna, ban ma karanta ba. Cewa aka yi an ɓata mini suna, ni kuma na ce a ɗauki mataki."

"To zauna ka karanta."

Ya karanta har ya kai inda aka ce Baba Andarawus yana Tungan Magajiya, ya daina gani, amma duk wanda ya zo daga gari sai ya tambaye shi labarin Khalilu. Shi kuwa an daɗe da gaya masa tsohon ya rasu.

Washegari ya tarar da Malam Irmiya yana shema a gona. Ya ce, "Malam, na zalunce ka. Ka yafe mini, kuma don Allah ka kai ni wurin Baba Andarawus."

Suna yin sallama tsohon ya ɗaga kai. "Khalilu ne? Har yanzu kana ƙona wa mutane rediyo?"

Khalilu ya durƙusa ya riƙe hannunsa.

A makon aka mayar da Malam Irmiya aiki, kwamfutoci suka dawo. Khalilu ya sake buga littafin ba tare da an taɓa ko kalma ɗaya ba. Da Baba Andarawus ya rasu bayan wata bakwai, a bakin kabari Khalilu ya kama hannun malamin ya ce, "Ba don kai ba, da ban same shi da rai ba. Na gode."

Darasi: Kada ka hukunta mutum da ji-ta-ji-ta, kuma kada ka ji kunyar rumfar da ta raine ka. Ku tura wa wasu, wataƙila wani ya tuna da wanda ya koya masa sana'a tun yana da rai.