Bijimin Malam Lado da Takin Bola

A wani ƙauye tsakanin Dutse da Kiyawa an yi wani manomi mai suna Malam Lado. Mutum ne mai ƙwazo da sakin hannu, sai dai yana da girman kai. Akwai ayyukan da yake ganin ya wuce ya sunkuya ya yi su. Abin alfaharinsa shanun huɗarsa biyu ne, musamman wani farin bijimi da yake kira Ɗanfari, wanda in ya ja amalanke ranar kasuwa har tsayawa ake a kalle shi.

Da Dutse ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka cika gari, bola ta yawaita. Manoma suka shiga kwasarta suna kaiwa gona a matsayin taki. Amma bolar ta sauya. Ba toka da kashin awaki kaɗai ba ne kamar da, cike take da baƙar leda da ledar fiya wata da fasassun kwalabe.

Yayarsa Adda Kubura ta ga tulin da ya jibge a bakin gona, ta ce, "Lado, ka tsince ledar nan kafin ka baza."

"Haba Adda! Da gemuna in durƙusa a bakin hanya ina tonon shara, jama'a na wucewa? Ƙasa za ta cinye ta."

"Ƙasa ba ta cin leda," in ji ta.

Ya yi dariya, ya baza takinsa yadda yake.

Bayan girbi ya saki shanun a gonar suna kiwo. Yawancin ledojin an taɓa ƙulla mai ko gishiri a ciki, don haka Ɗanfari ya riƙa haɗiye su tare da ciyawa. Kafin a ankara ya fara ramewa, cikinsa ya kumbura, ya daina tuƙa. Aka ba shi kanwa, aka yi jiƙe-jiƙe, malamin dabbobi ya zo ya yi allura, duk a banza. Ranar da ya kasa tashi, dole aka kira mahauci Ɗan'inna ya yanka shi kada ya zama mushe.

Da Ɗan'inna ya farke tumbin, sai ya zaro wani baƙin dunƙule mai girman ƙwarya, ya ajiye a gaban mutane. Leda ce zalla, ta cure wuri guda. Malam Lado ya tsuguna yana kallonta, hawaye na bin gemunsa.

"Ni na kashe shi," ya ce. "Da hannuna na baza masa ita."

Washegari aka gan shi a gona da buhu, yana tsintar leda kunya bayan kunya. Da ya gama, ya tafi unguwar ma'aikata a Dutse inda yake kwasar bola, yana sallama ƙofa ƙofa, yana ba masu gida labarin bijiminsa.

"Alfarma nake nema, ranka ya daɗe," yakan ce. "A gaya wa iyali su ware mini toka da ɓawo da ragowar abinci gefe guda. Leda daban, kwalba da gwangwani daban. Ga buhuna. Ran Asabar a fito da su ƙofar gida, ni zan kwashe."

Wasu suka yi masa kallon mai taɓin hankali. Gidaje kaɗan suka amsa, sannan maƙwabta suka gani suka bi. Kwalabe yakan kai wa mata masu man gyaɗa, gwangwanaye ga masu ƙera fitila, ledar fiya wata ga masu renon itatuwa. Baƙar leda kuwa yana binne ta a rami mai zurfi, nesa da dabbobi.

Shekara na zagayowa, bayan an cire amfani, wani makiyayi, Ardo Jaji, ya iso da garkensa yana neman gonar da zai sauka. Ya daɗe yana guje wa gonakin kusa da gari saboda leda. Ya zaga gonar Malam Lado yana tona ƙasa da sandarsa, tun daga wannan iyaka har waccan. Sannan ya ɗaga murya yadda manoman da ke wurin za su ji.

"A duk yankin nan, nan kaɗai zan saki shanuna in yi barci da ido biyu rufe. Malam Lado, in ka yarda, nan za mu sauka."

Malam Lado ya gyara hularsa, ya ce, "Bismillah, Ardo. Gonarka ce."

Darasin wannan labari shi ne, babu aikin halal da ke zubar da mutunci. Abin da muka ƙi sunkuyawa mu ware daga shara ba ɓacewa yake ba, yana komawa gonarmu da cikin dabbobinmu. Girman kai ya jawo wa Malam Lado asarar abin da ya fi so, kuma bai sami girma na gaskiya ba sai da ya yarda ya sunkuya. Mu ware shara tun daga gida.