Ciyawar da Ta Riƙe Hanyar Sarki

A zamanin da, a wata ƙasa mai yawan fatauci, an yi wani sarki ana ce masa Tunau. Manyan hanyoyi biyu suka ratsa ƙasarsa, ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma, ta nan gishiri da kanwa da goro ke shigowa birni. Wata shekara damina ta yi ƙarfi, gamba da sarƙaƙiya suka rufe bakin hanyoyin, har 'yan fashi suka sami maɓoya. Suka tare ayarin wani madugu mai suna Barmo, suka kashe mutum tara, cikinsu har da ƙanensa.

Madugu ya zo fada ya zube rigunan mamatan a gaban Sarki. Sarki ya daɗe yana duban jinin da ya bushe a kansu, sannan ya yi doka: daga bakin hanya zuwa inda kibiya ke faɗuwa, a sare, a ƙone, kada a bar ko tsinke. Wanda ya saɓa, a bakin ransa. Ya ba Waziri Cindo hanyar yamma, ya ba Sarkin Tafarki Nomau ta gabas.

Nomau dattijo ne, shekararsa talatin yana kula da hanya. Ya kira gayya, aka fito da adduna da laujuna. Aka sare sarƙaƙiya, aka yanke gamba aka raba wa ƙauyawa su yi zana. Amma da suka iso gangaren da hanya ke sauka kogi, sai ya tsaya. Ciyawar jema da ta kiri-kiri ne suka shimfiɗe a wurin, ga tsamiyoyi a jere inda fatake ke shan inuwa. Ya durƙusa ya cusa yatsunsa cikin saiwoyin. Ya san abin da ruwa zai yi in babu su, ya kuma san abin da doka ta ce. Ya sa aka rage ciyawar daidai idon sawu, aka datse ƙananan rassan tsamiya, ya hana a sa wuta. Sau uku yana aikawa ta hannun Waziri yana neman ganin Sarki, ba a ba shi amsa ba.

Shi kuwa Waziri, wuta ya cinna wa tasa hanyar, cikin kwana bakwai ya gama. Da damina ta kewayo, ya faɗi gaban Sarki ya ce, “Allah ya ja zamaninka, yamma ta zama fili fetal. Amma Sarkin Tafarki ya bar wa ɓarayi ɗakin kwana a gabas. Ni dai ban san me suka ba shi ba.”

Dogarai suka kawo Nomau ɗaure. Sarki ya ce, “Ka ji dokata?”

“Na ji, Zaki.”

“Ka bi ta?”

“Na bi ta a ko'ina, ban da gangaren kogi. A can na iske bayin Sarki suna aiki, na ji nauyin kashe su.”

Sarki ya ce, “Waɗanne bayi nake da su a daji?”

“Bayi ne da ba su ci daga rumbunka, ba su barci, kansu a waje, hannuwansu a ƙasa suna riƙe maka hanya.”

Sarki ya ce, “In ciyawa kake nufi, nuna mini aikinta a nan, kafin a kira la'asar. In ka kasa, hauni na jiranka da takobi.”

Nomau ya roƙa a kwance masa hannu ɗaya. Ya sa aka kawo faifai biyu. A ɗaya aka ɗora ƙasar da aka yanko da ciyawarta daga bakin rijiyar fada, a ɗayan aka tara ƙasa tsura daga inda aka yi ƙuna. Ya karkata su daidai da juna, ya ɗauki buta. Ya zuba wa ƙasa tsurar, nan take ta narke ta bi ruwa, jan taɓo ya malala har gefen buzun Sarki. Ya zuba wa mai ciyawar, ruwa ya tsiyaye garau, ƙasa na nan daram.

Waziri ya ce, “Wasan faifai ne, ranka ya daɗe. Hanya ba faifai ba ce.”

Sai Madugu Barmo ya miƙe daga cikin jama'a. Ya ce, “Zaki, saboda jinin ƙanena aka yi dokar nan, ba zan yi shiru a zubar da wani ba. Shekaranjiya na biyo yamma. Ruwan farko ya tsaga hanya, kwazazzabo ya fi tsayin mutum, jakuna huɗu na bari a ciki. Wutar Waziri kuma ta ci rumbunan ƙauyuka biyu, an hana masu su zuwa ƙara. Abokan tafiyata da suka biyo gabas sun iso lafiya, suna hangen gabansu har nesa.”

Sarki ya juya ga Nomau. “Ka san wannan, me ya hana ka faɗa mini tun farko?”

“Sau uku na aiko, Zaki.”

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya sunkuyar da kai, gumi na bin gemunsa.

Sarki ya ce, “Cikin fushi na yi doka, laifin wannan a wuyana yake. Amma wanda ya tare gaskiya a ƙofata, nasa laifin daban ne.” Ya sa aka warware rawanin Cindo, aka buɗe rumbunansa aka ciyar da ƙauyukan nan biyu. Ya sake doka: a sare abin da ke ɓoye mutum, a rage abin da ke riƙe ƙasa, kada a ƙara sa wa hanya wuta. Da hannunsa ya kwance wa Nomau sauran igiyar, ya danƙa masa hanyoyin duka biyu, ya ce Cindo ya bi shi har sai an ɗinke kwazazzabon.

Washegari da hantsi Nomau da Cindo suka tsaya a bakin ramin, mutanen ƙauyukan da wuta ta ci rumbunansu sun kewaye su suna kallo. Cindo ya ce a hankali, “Baba, yaushe za a cike wannan?”

Nomau ya miƙa masa fartanya da damin saiwar jema, ya ce, “Damina bakwai, in Allah ya ba mu rai. Sauka, ta ƙasa ake farawa.”