Haladu da Allo Mai Hawa Huɗu

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah ana ce masa Haladu. Ba malami ba ne, ba mai hali ba ne. Sana'arsa zana allon nan kore da ke cikin kayan lantarki, wanda masu gyara ke kira fanel.

Ku saurara, jama'a. Allon nan hawa-hawa ake yin sa, shimfiɗar jan ƙarfe bisa shimfiɗa, a matse su da zafi su zama abu guda. In an matse, shi ke nan, ido ba ya sake ganin na ciki.

Haladu yana aiki a masana'antar abokinsa na ƙuruciya, Alhaji Barau. Sai aka ba su aikin kwalabar da ake sa jarirai bakwaini a asibitocin karkara. Haladu ya zauna ya tsara allon da zai riƙa auna ɗumin kwalabar. Ya yi shi hawa huɗu: sama da ƙasa hanyoyin saƙo, biyu na tsakiya ɗaya ya kai wuta, ɗaya ya mayar da ita, don kada hayaniyar wuta ta rikita awon.

Alhaji Barau ya duba ya ce, "Haladu, mayar da shi hawa biyu. Ya fi sauƙi, ya fi sauri."

Haladu ya ce, "Alhaji, da rediyo ne, da na yi maka. Hawa biyu zai yi aiki yau, zai yi gobe. Amma ranar da janareto ya yi wasa da wuta, allon zai iya cewa akwai ɗumi alhali jariri na sanyi."

"Zai iya, ko zai yi?"

"Ban sani ba, Alhaji."

"To, wa zai fasa allo ya ƙirga cikinsa?"

Haladu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba kowa. Amma hannuna ba zai zana shi ba."

Aka sallame shi. Aka kawo wani ya zana mai hawa biyun. Kwalabe suka fita, aka yi biki, aka yi tafi. Haladu ya koma bakin kasuwa yana gyaran fitila da rediyo. Mutane suka ce taurin kai ne ya kai shi. Har Alhaji Barau ya daina amsa sallamarsa.

Wata rana matarsa Dije, abin duniya ya ishe ta, tukunya ba ta hau wuta ba, ta ce, "Malam, wallahi da ma kwalaba guda ta lalace, duniya ta san kai ke da gaskiya!"

Haladu ya juyo ya dube ta. Ya ce, "Dije, kin san abin da ke kwance cikin kwalabar nan? Ɗan wata ne. Ni kullum roƙona, Allah ya sa ni ne na yi kuskure."

Kun ji? Roƙonsa ke nan, a kowace sujada. Ya gwammace a ce masa wawa har abada da a ce gaskiyarsa ta fito ta kan gawar jariri.

Haka ya rayu. Jarirai sun rayu a kwalaben, wasu sun mutu, kamar yadda bakwaini ke mutuwa, ba wanda ya bincika dalili. Haladu bai taɓa sanin ko ya yi daidai ba. Ya rasu a ɗakin haya, waɗanda suka raka shi ba su cika sahu biyu ba.

'Yan'uwa, riƙon amana ba ciniki ba ne da za ka ce sai an biya ka a nan. Kai magini, ka san abin da ka binne cikin ginshiƙi. Ke mai abincin sayarwa, kin san abin da ke ƙasan tukunya. Ku gyara abin da ba a gani, ko da ba wanda zai gode muku. Kuma in an ƙi jin maganarku, ku binciki zukatanku: shin kuna fatan mutane su tsira, ko kuna jiran bala'i ya sauka don a ce kun faɗa? Allah ya tsare mu da wannan jira.