Sallau Bakanike da Bututun Fetur

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba, tun kafin kwalta ta kai ƙauyuka. Sunansa Sallau, bakanike ne. Ba shi da gareji. Gindin wata tsamiya ne a bakin kasuwa, da akwatin sifanoni, da buhun da yake shimfiɗawa ya kwanta a ƙarƙashin mota. Shi ke nan dukiyarsa. Ku gyara zama, jama'a.

Wata rana da hantsi aka turo masa wata tsohuwar Fijo, irin wadda an daɗe da daina yin ta. Mai ita wani dattijo ne, Baba Tanko, tsohon direba. Ta shekara da shekaru a ajiye, lulluɓe da tabarma. Abin da ya sa ya fito da ita kuwa, matarsa Inna Laure ce ciwo ya kwantar, kuma ba ta da roƙo sai ɗaya: a kai ta ƙauyensu ta ga ƙanwarta Hassu. Ba za ta iya zaman motar haya ba, sai dai a kwantar da ita a kujerar baya.

Sallau ya shiga ƙarƙashi ya duba. Bututun da ke ɗauko fetur daga tanki ya kai inji ya yi tsatsa, ya rube, yana ɗiga.

Baba Tanko ya nuna tiyon roba da ke rataye a reshen tsamiya, ya ce, "Ga roba nan. Yanka ka sa mini, gobe mu kama hanya."

Sallau ya fito, ya goge hannu, ya durƙusa. Ya ce, "Baba, roba tana da wurinta. Can kusa da inji, inda yake girgiza, guntuwarta zan sa. Amma doguwar hanyar nan ta ƙarƙashi, ta gefen salansa mai zafi, ga duwatsun hanyar ƙauyenku, wannan sai ƙarfe. Sai na je na nemo, na lanƙwasa shi daidai. Zai ɗauki kwanaki."

"Kwanaki? Kai ka san kwanakin da suka rage mata?"

"Ban sani ba, Baba. Allah ne masani."

"To ka ji. In ta cika ba ta ga 'yar'uwarta ba, alhakin yana wuyanka."

Ku saurara, jama'a. Wannan magana ba ƙarama ba ce. Wa zai so a rataya masa irin wannan? Ga roba a rataye, in ya sa ta, kafin azahar an gama, dattijo ya sa masa albarka, kowa ya ce Sallau mai tausayi ne. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, mota taka ce. In ka ce roba, akwai masu sawa, ni da kaina zan taya ka tura ta can. Amma hannuna ba zai kwantar da Inna a inda nake jin tsoron wuta ba."

Dattijo ya juya ya tafi, ko sallama babu. Amma bai ɗauke motar ba.

Sallau ya bar duk aikin da ke gabansa, ya tafi babban gari ya nemo bututun ƙarfe. Ya cika shi da rairayi don kada ya lotsa, ya riƙa lanƙwasawa a gwiwarsa, ya shiga ya gwada, ya fito ya ƙara, ya shiga, ya fito. Baba Tanko kan zo ya tsaya daga nesa, ya duba, ya koma. Har aiki ya zo ƙarshe, wata la'asar, Sallau ya ɗaure mahaɗar ƙarshe, ya zuba mai. Sai ya shafa yatsa, ya ji danshi. Ya kai hanci. Fetur. Bakin bututun ya tsage, tsagar da ba ta fi gashin kai ba.

Nan fa jarrabawar take. Masu wannan sana'a sun san in ka murza sabulu a wurin, ɗigar za ta tsaya na ɗan lokaci. Babu wanda zai gani. Wa zai kwanta a ƙasa ya leƙa? Dattijo mai ciwon gwiwa? Marar lafiya? Shi kaɗai ne a ƙarƙashin motar nan, shi da Ubangijinsa. An ce ya daɗe a kwance, hawaye na gangara masa cikin kunne. Sannan ya ɗauki sifana ya kwance abin da ya ɗaura.

Kuma bai aika kowa ba. Da ƙafarsa ya je gidan, ya yi sallama, ya tsaya a zaure ya ce, "Baba, aikin ya ɓaci a hannuna. Sai na sake."

Baba Tanko ya buɗe baki zai yi faɗa, sai aka ji murya daga ɗaki, siririya. "Malam, wane ne? Mai gyaran ne? Ce ya shigo."

Ya shiga ya tsuguna a bakin ƙofa. Inna Laure tana kwance, ta rame ƙwarai. Ta ce, "Ɗana, me ya faru?" Ya faɗa mata duka, bai rage ba, har da zancen sabulu. Ta yi murmushi. Ta ce, "Malam, ƙyale shi ya yi aikinsa. In an rubuta zan ga Hassu, zan gan ta. Kai kuma ɗana, ka ci abinci kuwa? Dubi leɓenka." Ta sa aka dama masa fura. Ya sha yana kuka.

Ya koma, ya sake, wannan karon ko danshi babu. Baba Tanko da Inna Laure suka tafi.

Bayan wani lokaci motar ta dawo, kujerar baya babu kowa. Baba Tanko ya fito ya zauna a kan saiwar tsamiya. Ya ce, "Ta ga Hassu. Sun yi hira, sun yi dariya, har ta ci tuwo da hannunta. A cinyar Hassu ta cika." Sannan ya ce, "Ta ce in gaya maka ta sa maka albarka. Ni kuma, Sallau, maganar da na faɗa maka, ka yafe mini."

Sallau ya ce, "Baba, ai tsoro ne ya yi magana, ba kai ba. Allah Ya jiƙan Inna."

To jama'a, ban ce muku da ya sa roba lallai sai motar ta kama da wuta ba. Wataƙila da sun isa lafiya. Wannan ilimin na Allah ne. Abin da nake gaya muku shi ne, amana tana inda ido ba ya kaiwa, kuma tausayi na gaskiya wani lokaci shi ne ka ce "a'a" ga wanda kake tausayi, ka ɗauki fushinsa. Kai magini, mutane fenti suke gani, amma tushen ginin kai kaɗai ka san abin da ka zuba. Ke mai abincin sayarwa, ke kika san man da kika sa. Kowannenmu gobe da safe zai shiga wurin da babu mai leƙa shi, da sabulu a hannu. A nan ake gane mutum. Allah Ya sa mu ji kunyarSa a ɓoye kamar yadda muke jin kunyar mutane a fili. Ku ce amin.