Kocin da Jimina ta Goya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Shekara ashirin Baba Kunkuru yana kocin ƙungiyar ƙwallon dabbobin Gindin Kuka. Bana kuwa wasa bakwai suka buga, duk aka lallasa su. Ran nan yana shan hantsi, sai ga 'yan wasa a fusace, Kura mai tsaron gida tana gaba.

Ta ce, "Baba, ka tsufa, dabara ta ƙare. Zomo za mu ba wa kujerarka."

Kunkuru ya miƙo wuya ya ce, "Allah Ya taya shi riƙo. Amma ke Kura, ki daina barin raga kina leƙen mai tsire. Kai kuma Biri, bahago ne kai, ka koma gefen hagu."

Biri ya dafe kai. "Baba, ka san haka ka yi shiru?"

"Wa ya yi shiru? Ana take wasa nake ganin kuskurenku, in taso in gaya muku. Kafin in iso bakin fili an tashi, kowa ya watse."

Sai Jimina ta durƙusa ta ce, "Hau, Baba."

A wasa na gaba tana gudu da shi a gefen fili, yana ta kwaɗa musu umarni, suka ci biyu da nema. Da ta sauke shi ya ce, "Alhamdulillahi. Amma 'yar nan, gobe ki rage gudu, hanjina ya juya."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ku tashi ku yi alwala.