Kurege da Abokan Aikinsa na Laka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun ba ta wuri.

Wai Kurege ne ya tafi yawon duniya, shekara bakwai ba labari. Ran nan sai ga shi ya dawo da sabuwar hula da ɗan ƙulli a wuya. Ya tarar raminsa ya rufta, sa'o'insa duk sun yi iyali, wasu ma har suna tambayarsa gidan wa yake nema. Ƙullin nan kuwa irin albasa ne a ciki, shi ke nan abin da ya samo a tafiyar. In irin nan ya lalace, gari duka zai san hannu wofi ya dawo.

An gama kaka, kowa ya cika rumbu, masu son ƙari suka gangara fadama yin lambu. Kurege ya bi su. Can ya iske Kunkuru da Bushiya a bakin kogi sun kafa jigo, wato doguwar sanda a kan gwafa, guga a wannan kai, curin laka a wancan. Kunkuru yana ja yana zubawa, Bushiya tana tare ruwan tana buɗe wa fangali ɗaya bayan ɗaya.

Kunkuru ya ce, "Maraba da mutanen nesa! Ɗan nan, zo mu zama uku. Kai da iri, mu da wuri, in Allah ya kai mu a raba uku."

Kurege ya ce, "Uku, Kawu?"

"Uku."

"Ai can inda na fito, mutum shi kaɗai yake abinsa, ya cinye abinsa."

Bushiya ta ce, "To wa ke tare masa ruwa?"

"Dabara, Gwaggo."

"Allah ya ba da sa'a. Ka gai da dabarar."

Kurege ya gyara hula, ya hau sama da kogi har inda ba ya hango kowa. Ya kafa ɗan jigonsa daidai ƙarfinsa, ya yi fangali, ya zuba iri, ya yi dashe. Sai aiki. Ya ja, ya zuba, ya ruga. Kafin ya isa ruwa ya bi inda ya ga dama. Ya dawo, ya ja, ya zuba, ya ruga. Haka kullum. Albasa dai ta kama, shi kuma ya rame har hular ta fara rufe masa ido.

Ba gajiyar ce ta dame shi ba. In iska ta juyo sai ta kawo masa murya daga ƙasa: "Sannu, Kunkuru." "Yauwa, sannu Bushiya." Shi kuwa tun safe har la'asar ba mai ce masa sannu. Ya yi atishawa, shiru. Ya yi tuntuɓe ya faɗi, ya tashi ya duba ko wani zai yi dariya, ba kowa.

Sai dabara ta zo. Ya kwaɓa laka ya gina mutum biyu a bakin lambu. Na jar laka ya sa masa Jatau, ɗayan da yatsa ya yi masa yawa ya sa masa Cindo. Ya ja da baya ya dube su, ya ce, "Ga abokan aiki na gari. Ba ci, ba rabo."

In ya zuba guga sai ya ce, "Sannu, Jatau." Ya kumbura murya ya amsa, "Yauwa, sannu maigida." Ya ce, "Sannu, Cindo." Ya siranta murya ya amsa, "Yauwa, ranka ya daɗe." Da rana ya baje gyaɗa a gabansu ya ce bismilla, su ce sun ƙoshi, ya cinye shi kaɗai. Gyaɗar kuwa ba ta yi masa daɗi ba ko sau ɗaya.

Da albasa ta fara kai, sai kwaɗayi ya ce masa me zai hana ya ninka lambun. Ya samo ƙatuwar ƙwarya ya ɗaura a madadin gugan, ya bar ta cikin ruwa, ya je ya lafta wa curin laka har ya kai tulu. Ya ja, ƙwarya ta taso cike, a hankali, gwanin sha'awa. Ya zuba. Ƙwarya na zama wofi, curi ya faɗi tim, sanda ta yi sama, igiya ta naɗe masa wutsiya. Sai ga Kurege yana reto a sama, kai ƙasa. Hula ta faɗa kogi ta tafi.

"Jatau! Kama igiya!"

Shiru. Don sabo, har ya kumbura murya ya ce, "Ga ni nan zuwa, maigida." Sannan ya tuna.

Rana ta take. Daga inda yake yana kallon ganyen albasarsa yana langaɓewa fangali bayan fangali. Wahalar shekara bakwai ke nan tana kwanciya a ƙasa, ga ruwa kusa, ba mai zubawa.

Can ƙasa Bushiya ta ga hula ta zo wucewa ba mai ita. Ta ce, "Kunkuru, hular nan ba ta tafiya ita kaɗai." Suka kamo hanya. Da yake da Kunkuru ake tafiyar, sai la'asar suka iso.

Kunkuru ya ɗaga kai ya ce, "Ɗan nan, dabarar ce wannan?"

Kurege ya ce, "Gwaji nake yi, Kawu. Ina neman ƙarin abokan aiki. Duk wanda ya iya sauko da sandar nan, na ɗauke shi."

Kunkuru ya je ya ɓantare rabin curin, sanda ta sauko, Bushiya ta kwance wutsiya. Nan take ɗaya ya ja, ɗaya ta tare, kafin rana ta faɗi albasa ta ɗago kai.

Kurege yana jin ƙasa a ƙafarsa ya ce, "Kun ci gwaji. Amma fa mu biyar ne, a raba biyar. Rabon Jatau da Cindo ni zan riƙe musu."

Bushiya ta buɗe baki, Kunkuru ya taka mata ƙafa. Ya ce, "Madalla. Mai rabo kuwa yana da layinsa a jigo. Ni, Bushiya, kai, Jatau, Cindo. In ba su tashi ba, mai riƙe musu rabo ya ja musu."

Washegari Kunkuru ya ja nasa ya zauna. Bushiya ta ja nata ta zauna. Kurege ya ja nasa, ya ja na Jatau. Yana cikin na Cindo, harshe waje, Bushiya ta ce, "Kai, Cindo akwai ƙwazo!" Ya saki igiya ya zagaya, ya tura Jatau da Cindo cikin kogi, ya dawo yana kakkaɓe hannu.

"Kawu, sun ce sun tafi ci-rani. A raba uku."

Kunkuru ya miƙa masa hularsa, ta bushe. Ya ce, "To. Sannu da aiki, Kurege."

Kurege ya tsaya. Ya buɗe baki zai kumbura murya, sai ya tuna wannan karon da tasa zai amsa. Ya ce, "Yauwa." Ido ya cika da ruwa.

Bushiya ta ce, "Kuka kake?"

"Albasa ce, Gwaggo."

"Albasar da ba a yanka ba?"

"Irin can ne. Da ƙarfi take."

Shi ya sa har yau in kun ga kurege a bakin hanya ya miƙe kan ƙafa biyu yana duba gabas yana duba yamma, ba tsoro ba ne. Mai ce masa sannu yake nema.

Ƙurunƙus kan albasa. Wanda zai ƙi abokin aiki, to ya fara yanke wutsiya tukuna.